Kwano Biyu a Rumfar Kawu

Kawu ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Dukanmu na Allah ne, can kuma muka nufa. Shi dai ya riga mu isa. Allah ya jiƙansa.

Ban iya ƙiyasta taro ba, kuma ba na so in faɗi adadin da ba zan iya tsayawa a kansa ba. Abin da na sani shi ne tabarmin gidan sun ƙare, aka aro na masallaci, su ma suka ƙare, har wasu suka zauna kan takalmansu a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Ma'aunan kasuwar Ƙanƙara, wato masu sayar da hatsi da awo irin Kawu, sun zo kusan gaba ɗayansu. Direban da ke ɗaukar masa buhuna zuwa Sheme ya zauna ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa, ba wanda ya ce masa ya daina. Wata mai ƙosai ta tsaya a soro tana gaya wa duk wanda ya wuce cewa shekara ashirin tana sayen wake a wurinsa, ba ta taɓa tsintar tsakuwar da ta cika tafin jariri ba. Mata kuma suka yi ta shigowa daga ƙauyuka, wasu a kan babur, wasu a ƙafa. A cikinsu akwai na gidajen Maguzawa da ke bayan Mabai, waɗanda wasunsu yanzu coci suke zuwa. Suka gaisa da kowa, suka samu lungu suka zauna shiru. Matar Kawu, wadda muke kira Gwaggo, ta ce ita ba ta san rabinsu ba.

Inna, mahaifiyata, ƙanwar Kawu ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta yi kuka da sauti ba. Carbi kawai take ja, in an yi mata gaisuwa ta ɗaga kai ta amsa.

Ni kuwa akwai abin da ya hana ni zama wuri ɗaya. Duk wanda ya zo zai ce, "Allah ya yafe masa kurakuransa," kamar yadda ake cewa a kowane makoki. Amma ina ganin wasu in sun faɗa sai su ɗan dube ni. Mai yiwuwa ba su dube ni ba, ni ne nake gani haka. Dalili kuwa, shekara ɗaya da 'yan watanni kafin rasuwarsa, ni, ɗan ƙanwarsa, na sa sunan Kawu ya ɓaci a kasuwa. Ya mutu ana cewa yana da kwanon awo biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, kuma ɗansa ne ya kama shi. Wannan rubutu na yi shi ne don kada a manta da Kawu, kuma don kada a tuna da shi da wannan magana.

Kawu gajere ne, mai saurin tafiya, mai ƙaramar murya. Iya sanina ya haura shekara arba'in yana awo a layin hatsi. In aka kawo masa masara, ba ya tambayar ko ta bushe. Ƙwaya ɗaya zai jefa a baki ya ciza, ya karkata kai kamar mai sauraren rediyon da ba ya kamawa sosai. Wake kuwa sai ya tura hannu can tsakiyar buhu, ya ɗebo, ya shinshina. In ya ji warin maganin feshi, wanda wasu ke zubawa don hana ƙwari, sai ya goge hannu a jikin buhun ya ce, "Ɗauke abinka. Abin nan cikin mutum za shi." Kusan kullum sai ya faɗi wannan. Nasa waken a jarkoki yake ɗurawa ya toshe da kyau, kuma duk da haka yakan ce bai yarda da kansa ba sai ya dafa ya ci.

Ba ya tare bakin kwano da hannu in yana saye, yadda wasu ke yi don hatsi ya hau ya ƙaru. In yana sayarwa kuwa, bayan ya gama awo sai ya ƙara gyara, cikin tafi ɗaya, ya watsa a kai yana kallon wani wuri daban, kamar hannun ba nasa ba ne.

Ni Malam Wataƙila yake kirana. Tun ina sakandare ya lura ba na iya amsa tambaya kai tsaye. In ya ce, "Za a yi ruwa yau?" sai in ce, "Wataƙila, Kawu, amma ba lalle ba." Sai ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ranar da na dawo da digirina na nuna masa takardar, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "To Malam Wataƙila, wagga ta tabbata ko ita ma sai an duba?" Sannan ya sa Gwaggo ta yanka zakara.

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Yana da kafiya, kuma in ya ga abin da bai dace ba ba ya jiran a keɓe. Maƙwabcinsa na rumfa, wani Alhaji dogo mai yawan barkwanci, ya taɓa sayo buhunan wake daga wajen Sabuwa da aka zuba wa magani. Ina jin bai sani ba, ko ya sani ya yi shiru, Allah masani. Mai ƙosan nan ta zo saye, Kawu ya miƙo kai daga rumfarsa ya ce, "Hajiya, kada ki sayi wannan, yara za su ci." A gaban mutane. Damina guda Alhaji bai yi masa magana ba. Daga baya sun shirya, suna cin goro tare, amma wanda ya san su ya san akwai sauran abu a ƙasa.

Shekarar da ta gabaci rasuwarsa, wata ƙungiya a birnin Katsina ta haɗa kai da masu manyan kantuna suka fara gangamin tallata kayan da aka saya bisa adalci. Ba zan ambaci sunanta ba, don ba ta yi wa kowa laifi ba, kuma har yau ina ganin manufar mai kyau ce. Ana so mutumin birni in ya sayi gero ko wake ya san ba a ƙwari manomi ba, ba a zuba magani ba, kuma kwanon da aka saya da shi, da shi aka sayar. Duk ɗan kasuwar da ya cika sharuɗɗan sai a ba shi koren tambari ya manna a rumfa da buhuna, a riƙa kai kayansa kantunan birni. Ana ta shelar abin a rediyo safe da yamma.

Lokacin na shekara biyu a gida bayan bautar ƙasa, ba aiki. Aka ɗauke ni cikin masu dubawa, aka ba ni kasuwannin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A horon da aka yi mana, abin da aka fi nanatawa shi ne kwano biyu: babba na saye daga manomi, ƙarami na sayarwa. Aka ce in mun samu, mu juye ɗaya cikin ɗaya a gaban mai rumfa, don kada a ce mun yi ƙage.

Kawu ya yi murna da aikin fiye da ni. Ya ce ai abin da ya daɗe yana faɗa ne ya isa birni. Wata rana muna zaune ya ce, "Koren nan naku, ruwa na ɓata shi?" Na ce ina jin ba ya ɓatawa. Ya ce, "To ga inda za a sa shi," ya nuna ginshiƙin rumfarsa na dama. Na lura ya kankare wurin da wuƙa, ya yi fes.

Tsoron da ke raina shi ne kada a ce na yi son kai. Kowa ya san Kawuna ne. Saboda haka ranar da na zo kansa, da kaka, kasuwa ta cika, na yi masa binciken da ban yi wa kowa ba. A sauran rumfuna, kwanon da aka miƙo mini shi nake gwadawa. A rumfar Kawu sai da na durƙusa na leƙa ƙarƙashin benci. Can na ga wani tsohon buhu a naɗe, na jawo, kwano ya faɗo.

Tiya ce irin ta kowa, in ka kalle ta daga nesa. Amma da na ɗora ta kusa da wadda yake awo da ita, sai na ga ta gaza da kamar yatsa biyu. An yanke bakinta, an naɗe shi da kyau yadda ba za a gane ba. Aikin maƙeri ne, ba tsufa ba.

Na ce, "Kawu, wannan na mene ne?"

Ya ce, "Na awo ne."

"Wa kake aunawa da shi?"

Ya dube ni, ya dubi fom ɗin da ke hannuna. "Takardar taka ta ce sai an rubuta suna?"

Na ce, "Eh, Kawu. Suna da gari, duk wanda ake ciniki da shi. Za a je a tambaye su."

Ya sake duban fom ɗin. Sannan ya ce, "To rubuta abin da idonka ya gani."

Na sha tambayar kaina me ya sa ban tsaya nan ba, na bari sai mun je gida. Amsar da nake da ita ba mai daɗi ba ce: mutane sun fara taruwa, na ji kunyar a ga na ɓoye. Sai na yi yadda aka koya mana. Na cika babban kwanon da gero, na juye cikin ƙaramin. Ya cika, ya tumbatsa, gero ya zube kan tabarma. Sai Alhaji daga rumfarsa ya ce, "La ilaha illallahu. Yau mai shinshinar buhun mutane an shinshino nashi."

Kawu ya durƙusa ya tattara geron da tafinsa, ya mayar cikin buhu, ya karɓi ƙaramin kwanon ya naɗe a inda yake. Ya ce mini, "Ka sha ruwa? Rana ta yi."

A rahotona ban rubuta cewa yana ha'inci ba. Na rubuta an samu kwano biyu masu bambancin girma, mai rumfa bai yi bayani ba, mai yiwuwa akwai dalili, ba a tabbatar ba. Na ɗauka na yi adalci. Yanzu na gane irin wannan rubutu ni kaɗai ya kare. Da jerin sunaye ya fito, ma'auna da yawa sun samu tambari, har da Alhaji, wanda a gaskiya ya cancanta, don ya daɗe da barin waken magani. Ginshiƙin Kawu ya zauna a kankare.

Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Yaya ne ya riƙe ka a hannu ranar sunanka. Ka taɓa ganin ya cuci kaza?"

Na ce, "Inna, ban ce ya cuci kowa ba. Na ce wataƙila..."

Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri."

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne Kawu bai canza mini fuska ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. In na wuce ta layin hatsi zai ɗaga murya, "Malam Wataƙila, an tahi Faskari yau? Ka bi a hankali, ka dawo da rana." Da sallah ya aiko mini da yadi kamar kowace shekara. Masu saye wasu sun janye, ba duka ba. Wasu in ya auna musu sai su ce, "Malam, wanne ne wannan a cikin biyun?" su yi dariya. Shi ma sai ya yi murmushi ya ƙara gyara. Sau ɗaya kawai na ga abin a fuskarsa. Motar kantunan birni ta zo ɗaukar kaya, ana loda buhuna masu koren tambari, shi kuma yana zaune yana tsince wake a faifai, waken da ba shi da abin tsincewa.

Da ciwo ya kwantar da shi ina zuwa kullum bayan azahar. Sau uku ina shirya maganar a hanya. Ranar da na samu bakin farawa, na ce, "Kawu, batun kwanon nan..." sai ya ɗaga hannu.

"Aikinka ka yi. Da ka gani ka ɓoye, da na ji haushinka." Ya yi tari, ya huta. "Sai dai gaba, in ka leƙa ƙarƙashin bencin mutum, ka leƙa na kowa."

Daga nan ya koma zancen jarkokin wake, wai a gaya wa Gwaggo kada a buɗe na lungu sai bazara. Ban ƙara samun dama ba.

Ranar sadakar uku, ina tsaye a soro ina karɓar gaisuwa, wata tsohuwa daga cikin matan Mabai ta tsaya a gabana. Doguwa ce, ta ɗan ranƙwafa, da sanda a hannu. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Kai ne mai biron?"

Na ce, "Ni ne, Iya."

"Na ɗauka wani ƙato ne. Zo nan."

Ta ja ni bayan rumbu, ta zauna kan turmi, ta ba ni labari. Tun da daji ya lalace da 'yan bindiga, gonakin nesa suka gagara zuwa, mata irinta da mazansu suka mutu ko suka rasa yadda za su yi ba su da abin kawowa kasuwa sai ɗan abin da suka noma a bayan gida. Ƙulli ɗaya, ƙulli biyu. Sukan zo da sassafe kafin kasuwa ta ci, su zagaya ta bayan rumfar Kawu. Nan yake fito da ƙaramin kwanon. Da shi yake saye a wurinsu, ya biya su farashin cikakkiyar tiya. Sayarwa kuwa da babban yake yi, ga kowa.

Na ce, "Kun san kwanon bai cika ba?"

Ta yi tsaki. "Kai ɗan nan, tun uwarka ba ta yi haƙori ba nake awo. Ranar farko da ya ɗora shi na gane. Duk mun gane."

"To me ya sa ba ku ce komai ba?"

"In ce mi? In na ce na gani, ya zama sadaka. Ni ko ciniki na zo."

Ta ce har faɗa suke yi. Ita ta ce, "Malam, kana cuta ta, waken nan ya fi haka." Shi ya ce, "Tsohuwa, ɗauki abinki ki yi gaba in kin samu wanda ya fi ni." Su yi ta ja, sannan ta karɓa tana gunaguni, ta tafi da mutuncinta. Shekara biyar ko shida suna haka, shi bai nuna ya san sun sani ba, su ba su nuna sun sani ba.

Da labarin abin da na yi ya kai Mabai, ta zo ta same shi, ta ce za ta tsaya a tsakiyar kasuwa ta faɗi gaskiya. Ya ce mata in ta buɗe baki ba zai ƙara sayen ko ƙwaya ɗaya a hannunta ba. Ya ce in aka sani, za a zo da takarda a rubuta sunayensu, a bi su gida-gida ana tambaya, kowa ya san wadda ba ta da shi.

Ta share ido da gefen zane. "Na ji tsoro na yi shiru. Yanzu ya tahi, ba shi da abin tsorata ni."

Kwana biyu ina juya maganar. In na faɗa, na tona abin da ya yarda sunansa ya ɓaci don ya rufe. In na yi shiru, ya tafi da tabon da na shafa masa. Ban san wanne ya fi zama cin amana ba, kuma har yanzu ba zan ce na sani sarai ba. Na kai wa Inna maganar. Hawayen da ba ta zubar ranar rasuwa ba suka zubo. Ta ce, "Asirin ba naka ba ne, ba na Yaya ba ne. Nasu ne. In sun yarda, ka je."

Na hau babur na je Mabai da rana. Tsohuwar ta ce ta riga ta yi magana da sauran. Sun yarda a faɗa, amma ba za a ambaci kowa ba sai ita. Ta ce, "Ni na tsufa, kunya ta gaji da ni."

Ranar kasuwa ta gaba na karɓo kwanonin biyu daga wurin Gwaggo, na roƙi sarkin ma'auna, dattijon da ke shugabantar layin hatsi, ya tara mini mutane bayan azahar. Suka taru a gaban rumfar Kawu da ke rufe. Na rubuto abin da zan faɗa a takarda, amma da na ɗaga kai na ga idanu, sai bakina ya koma halinsa.

Na ce, "Jama'a, kamar yadda wasunku za su iya tunawa, akwai wani bincike da aka yi a nan, wanda bisa ga wasu bayanai da suka zo daga baya, akwai alamar cewa mai yiwuwa..."

Sandar tsohuwar Mabai ta bugi ƙasa kusa da ƙafata. "Matsa can, kada rana ta faɗi."

Tsohuwar ta karɓi ƙaramin kwanon ta ɗaga shi sama. Ta ce, "Kun san ni. Wannan kwano da shi Malam yake saye a wurina, ba da shi yake sayarwa ba. Ni ya cika wa, kanshi ya rage wa. Shekara biyar ina cin wannan yatsa biyun, ni da jikokina. Akwai wasu, ba zan faɗe su ba, kada kuma wanda ya tambaya. Ya hana ni magana shina da rai. Duk wanda ya ce Malam ya tauye awo, ya zo ya faɗa a gabana."

Na samu na ce, "Ni na yi kuskure. Kawu bai ci haƙƙin kowa ba. Ku yafe mini." Ina jin wannan ce magana mafi gajarta da na taɓa yi a gaban jama'a.

Alhaji ya taso daga rumfarsa. Ya karɓi kwanon, ya bi bakinsa da babban yatsa, wurin da maƙeri ya naɗe. Ya buɗe baki kamar zai yi barkwanci, ya rufe. Ya ce, "Shekara nawa muna zaune kafaɗa da kafaɗa, ban taɓa leƙa bayan rumfar nan ba." Ya juya ga tsohuwar, ya ga ƙullin da ke rataye a kafaɗarta. "Iya, mi kika kawo yau?"

"Wake ne. Ba magani, kada ka wahalar da hancinka."

Wasu suka yi dariya, irin dariyar da ke fitowa tare da hawaye. Alhaji ya shimfiɗa buhu, ya durƙusa, ya ajiye ƙaramin kwanon a gabanta. Ya ce, "Zuba nan."

Ta tura kwanon gefe da sandarta.

"A'a, Alhaji. Wannan ya gama aiki. Kowa ya gani yanzu. Ɗauko naka na kowa da kowa."

"Haba Iya, don Allah..."

"Na ce ciniki na zo."

Sai a lokacin na gane abin da ta biya. Abin da Kawu yake yi mata ba ya yiwuwa sai a ɓoye, ita kuma ta fito da shi fili don ta wanke shi, ta san ba mai iya sake yi mata. Ni na jawo mata wannan, ba kowa ba.

Alhaji ya ɗauko tiyarsa. Ya auna, hannunsa nesa da bakin kwano. Ɗaya ta cika, ta biyu ta cika, ta ukun ta tsaya a rabi. Ta leƙa, ta ce haka ne. Ta karɓi abin da ya ba ta ba tare da ja ba, ta ɗaure a bakin zane, ta kakkaɓe ƙullinta, ta ɗauki sanda ta nufi wajen masu babur. Sarkin ma'auna ya ɗaga hannuwa don addu'a, duk layin suka ɗaga.

Ya Allah, bawanka ya rufa wa bayinka asiri da nasa mutuncin; ka rufa masa a ranar da ba mai rufawa sai Kai. Ka yalwata masa kabari, ka cika masa mizani, ka ba Inna da Gwaggo haƙuri. Matan da ya bari kuma, Kai ka san sunayensu da garuruwansu. Ka isar musu.